Bindiga a Ƙarƙashin Gado



A cikin watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta yi shelar cewa duk mutumin da ya cancanta ya nemi lasisin riƙe bindiga don ya kare kansa daga 'yan fashin daji. Aka ce za a raba takardun neman lasisi 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Kafin wannan, a 2021, Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya riga ya yi wa mutanensa irin wannan kira. Ba a jima ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da ikon ba da wannan umurni. Manya suka yi ta ja-in-ja, talaka kuwa yana nan a ƙauyensa, rana na faɗuwa gabansa na faɗuwa.

Da yawanmu a wannan zaure daga irin waɗannan ƙauyuka muka fito. Mun san gidajen da aka daina kwana a cikinsu, mun san gonakin da aka bari ciyawa ta cinye. Saboda haka in manomi ya ce a ba shi bindiga, ba mu da bakin yi masa dariya, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da muke son mu auna yau shi ne, in an ba shi ɗin, me za ta yi masa?

Bari mu fara da abin da doka ta ce, domin da yawa daga cikin masu gardama ba su karanta ta ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi, irin su AK-47, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Akwai irin su mai baki biyu ta farauta, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai bindigar toka, watau harba-ka-ruga, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake iya yarda da ita. To, ku duba. Iyakar abin da manomi zai samu ta hanyar halal shi ne mai baki biyu ko harba-ka-ruga. Wanda zai zo masa kuwa yana ɗauke da bindiga mai cin harsashi 30, kuma ba shi kaɗai zai zo ba, a kan babura za su zo, biyu-biyu ko uku-uku a kowane babur. Sunan harba-ka-ruga ma kaɗai ya isa bayani. Wanda ya raɗa mata shi ya san cewa in ka harba sau ɗaya, kafin ka sāke ɗura albarushi an cim maka.

Amma ko da a ce bindigogin sun yi daidai, akwai abin da ɓarawo yake da shi wanda mai gida ba shi da shi, watau zaɓen lokaci. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A sha'anin bindiga sai mu ƙara da cewa mai kaya tilas ya zauna a faɗake dukan dare dubun nan, ɓarawo kuwa dare ɗaya yake bukata, kuma shi zai zaɓe shi. Mutum yana barci, yana salla, yana zuwa kasuwa, yana sunkuyawa da fartanya. In ya ajiye bindigar a ɗure kusa da hannu don ya same ta da sauri, to, ɗansa ɗan shekara bakwai ma zai same ta da sauri. In ya kulle ta a akwati don gudun yara, ranar da aka ɓalle ƙofa ba zai kai gare ta ba. Wannan matsala ba ta da mafita mai sauƙi, kuma masu kiran kowa ya sayi bindiga ba su cika tsayawa a kanta ba.

Ƙasar da ta fi kowace gwada wannan al'amari ita ce Amurka, shi ya sa ya kamata mu leƙa can kaɗan. Wata cibiyar bincike da ke Janiba, Small Arms Survey, ta ƙiyasta a 2018 cewa farar hula a Amurka suna riƙe da bindigogi wajen miliyan 393, watau sun fi mutanen ƙasar yawa. A Nijeriya kuwa ta ƙiyasta wajen miliyan 6. Masu goyon bayan bindiga a can suna kafa hujja da binciken Gary Kleck da Marc Gertz na 1995, wanda ya ce Amurkawa suna kare kansu da bindiga sau miliyan 2.5 a shekara. Sai dai ta wayar tarho aka tambayi mutum wajen 5,000, aka ɗauki amsar 'yan kaɗan da suka ce sun taɓa yin haka aka ninka ta bisa yawan jama'ar ƙasa duka. Ƙididdigar da gwamnatinsu take yi a kan waɗanda aka yi wa laifi tana ba da wajen 100,000 ne ko ƙasa da haka. Wanda ya taɓa zama a majalisar mafarauta ya san yadda labarin jarunta yake kumbura a baki.

A ɗaya gefen akwai binciken likita Arthur Kellermann da abokansa na 1993. Sun bi gidajen da aka yi kisan kai a yankuna uku na Amurka, suka gwada su da gidajen maƙwabta. Suka iske gidan da ke da bindiga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin a kashe wani a cikinsa kusan sau uku, kuma yawancin wannan haɗari daga ɗan gida yake zuwa ko wani na kusa. An soki binciken da cewa watakila mutanen da dama suke cikin haɗari su ne suke sayen bindiga, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Amma ga wani lissafi da ba ya bukatar fassara: a 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su ne suka harbe kansu. Bindigar da aka saya domin baƙon dare, a cikin gida take kwana shekara da shekaru, tana nan ranar da miji da mata suka yi faɗa, tana nan ranar rabon gado, tana nan ranar da baƙin ciki ya rufe wa saurayi ido.

Wani zai ce, ai Amurka daban, Zamfara daban, can in ka buga waya 'yan sanda suna zuwa. Gaskiya ne. To, mu dawo gida, mu duba namu tarihin.

Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, makaman da suka saura a hannun mutane suka haifar da fashi irin wanda ba a saba gani ba. Gwamnatin soja ta kafa dokar harbe 'yan fashi, aka riƙa ɗaure su a jikin ganga a bakin teku a Ikko, jama'a na kallo. A nan aka harbe Ishola Oyenusi a 1971. Fashi bai ƙare ba. A 1987 aka harbe Lawrence Anini a Binin, kuma shari'arsa ta nuna cewa wani babban jami'in 'yan sanda, George Iyamu, yana cikin masu taimakon ƙungiyarsa da makamai. Kada ku ce wannan tsohon labari ne. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi AK-47 sama da 88,000 na rundunar 'yan sanda da ba a iya ba da lissafinsu ba. In bindiga tana sulalewa daga ma'ajiyar gwamnati mai ƙofar ƙarfe da littafin rajista, yaya za ta zauna a ɗakin jinka? Kowace bindiga da aka kai ƙauye dukiya ce, kuma ɗan fashi ya fi son ta a kan saniya.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne labarin 'yan sa kai. Lokacin da satar shanu ta yi tsanani a Zamfara, mutanen ƙauyuka suka haɗu suka ɗauki makamai, kuma ba wanda zai ce ba su da dalili. Amma ba alƙali a cikinsu, ba mai tambayarsu shaida. Aka riƙa kama Fulani a kasuwa bisa zato ana kashewa, har da waɗanda su ma an sace musu shanu. 'Yan uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji, suka sayi makamai da suka fi na 'yan sa kai, suka dawo ramuwa a kan gari duka. A watan Afrilu na 2014, a ƙauyen 'Yar Galadima cikin ƙaramar hukumar Maru, 'yan bindiga suka auka wa taron 'yan sa kai da mafarauta waɗanda suka haɗu don shawarar yadda za su kare yankinsu. Mazauna wurin sun ce waɗanda aka kashe sun haura 100. 

Yanzu ku gwada wannan da abin da ya faru a Maiduguri a 2013. Samarin da suka tashi suka kori Boko Haram daga unguwannin birnin, da gora da adda suka fara, har sunan ya bi su, ana ce musu Kato da Gora. Ƙarfinsu sani ne: sun san ɗan wane ne wane, sun san gidan da baƙo ya sauka, suka daina jin tsoron nunawa, kuma akwai soja a bayansu da za su miƙa wa wanda suka kama. Ba mu ce hannunsu tsarkakakke ne ba, an zarge su su ma da wuce gona da iri. Amma birnin ya samu sauƙi, kuma ba rabon bindiga gida-gida ya kawo shi ba.

Ga alama gwamnatocin jihohi sun fara karkata wajen wannan hanya. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024. An ɗauki mutanen gari, an ba su horo da kaki da albashi da shugabanni. Ko za su tsira daga cutar da ta kama 'yan sa kai, wannan ya rataya ne a kan abubuwa ƙanana masu gajiyarwa: a rubuta lambar kowace bindiga, a ƙirga harsashi da safe a ƙirga da yamma, a biya albashi a kan kari, wanda ya kashe mutum bisa zato kuma a kai shi kotu ko ɗan wane ne.

'Yan uwa, nan ne maganar ta iso kanmu. Nan da 'yan shekaru waɗansunmu za su zama sakatarorin ƙananan hukumomi, waɗansu lauyoyin gwamnati, waɗansu hafsoshin 'yan sanda, kuma baƙinmu na yau sun riga sun hau kujerun. Wata rana dagaci zai shigo ofis da rawaninsa duk ƙura, ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya sun kwashe mana mutum goma sha biyu, a ba mu bindiga." Sa hannu a takardar lasisi ba ya ɗaukar minti ɗaya, dagacin zai tafi yana godiya, mu kuma mun sauke nauyi daga kanmu mun ɗora a kan manomi. In muka hana shi kuwa, to, wajibi ne mu iya gaya masa wanda zai zo in sun yi kira cikin dare, da mota nawa, daga wane gari, cikin minti nawa, da kuma wanda za a tuhuma in ba a zo ba. Ofis da yawa a yau ba su da wannan amsa, shi ya sa dagacin yake fita ya nufi wajen maƙeri.

Shugaban taro ya ɗaga mana hannu, lokaci ya cika. Mun san akwai 'yan Maru da 'yan Batsari a cikin zauren nan waɗanda ba su yarda da mu ba, muna roƙon a fara ba su dama.