Haƙƙin 'Ya'yanmu Masu Lalura da Jagoranci Daga Nesa



Yau zan yi magana kan yaranmu da doguwar naƙuda ko shawara bayan haihuwa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, har ba sa iya riƙe cokali, sa riga ko zama da kansu. Akwai ma'aikatan lafiya da aikinsu shi ne koya wa irin waɗannan yara ayyukan yau da kullum. Ana horar da su a makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas da Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, amma ba su da yawa, kuma sabon ma'aikaci kan tsinci kansa shi kaɗai a asibiti.

Shi ya sa ƙwararru ke yi musu jagora ta waya. Ma'aikacin zai ɗauki bidiyon yadda yaro ke zama ko cin abinci, ƙwararren ya duba daga nesa, ya ce a gyara kujera, ko a naɗa tsumma a ƙotar cokali don ya riƙu.

To, ga haƙƙinku. Kada a ɗauki hoton ɗanku sai da izininku, kuma ku tambayi wa zai gani. In ba ku jin Yarbanci ko Turanci, ku nemi tafinta. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali, dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 kuma ta haramta wariya saboda naƙasa.

Don Allah kada mu ɓoye yaran nan a ɗaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.