Jawabi a Kan Haɗin Kan Ma'aikata a Ƙaramar Sana'a



Abin da za a yi magana a kansa yau shi ne zaman ma'aikata da junansu a ƙaramar sana'a, watau wurin da mutum biyar ko goma ke aiki a ƙarƙashin mai gida ɗaya. Sau da yawa ba rashin jari ne ke kashe irin wannan sana'a ba, rashin jituwa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ɗauki misalin gidan burodi. Akwai mai kwaɓa fulawa, da mai auna ƙullu ya zuba a gwangwani, da mai hura wuta ya gasa, da mai kai wa masu shayi tun da asuba. In mai wuta ya makara, ƙullun da ya riga ya tashi zai zarce, ya yi tsami. In burodi ya lalace, mai kaiwa ne zai sha kunya a gaban masu saye, ga shi kuwa ba laifinsa ba ne. Ashe aikin kowane ɗayansu yana rataye a wuyan ɗan'uwansa.

To, ta yaya mai gida zai haɗa kan yaransa?

Na farko, kowa ya san aikinsa da haƙƙinsa. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai gida ya ba ma'aikaci takarda cikin wata 3 da kama aiki, mai bayyana irin aikinsa da ladansa. Inda aka rubuta, gardama takan ragu.

Na biyu, a yi adalci. Dokar ta ce kada biyan lada ya wuce wata ɗaya, kuma a ba ma'aikaci hutun yini ɗaya cikin kowane kwana 7, da hutun kwana 6 na aiki, aƙalla, bayan ya cika wata 12. Har wa yau ta hana a yanke masa lada da sunan tara. Mai gidan da ya fifita ɗan ƙanensa ko ɗan garinsu a kan wanda ya fi shi ƙwazo, shi da kansa ya shuka gaba a shagonsa.

Na uku, a riƙa zama ana shawara, ko da sau ɗaya a mako. A bar ƙaramin yaro ya faɗi abin da ya gani, domin mai share wuri yakan riga mai gida sanin inda kaya ke zurarewa. Wanda ya yi kuskure a ja shi gefe a yi masa faɗa, wanda ya yi abin kirki kuwa a yabe shi a gaban kowa.

Na huɗu, kowa ya koyi aikin na kusa da shi, don kada ciwon mutum ɗaya ya tsayar da aikin gida duka. Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, a 1971, da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i a 2003, kuma mai sana'a yana iya neman shawararsu a kan horo.

Na biyar, in an sami riba ta musamman, kamar lokacin salla ko Kirsimati, a ɗan ba kowa hasafi. Wanda ya ɗanɗani riba ba zai zuba ido kaya su lalace ba.

Su ma ma'aikata akwai nasu nauyi: zuwa a kan lokaci, da riƙon amana, da barin kai gulmar juna wurin mai gida.

Daga ƙarshe, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kakanni sun san aikin gayya, sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake bukata shi ne a shigo da wannan hali cikin shago da masana'anta.

Allah ya ba da sa'a, amin.