Umarnin Sarki da Alƙalamin Bafade: Takardun Farisanci a Tarihin Daular Mugal

Farisanci shi ne harshen fada da na mulki a ƙasar Indiya tun kafin zuwan sarakunan Mugal, bai kuwa sauka daga wannan matsayi ba sai a 1837, sa'ad da Turawan Ingila suka kawar da shi daga kotuna. Saboda haka mai binciken tarihin ƙarni na 16 da na 17 a wannan ƙasa yana da madogara iri biyu: littattafan da malaman fada suka rubuta da hannu, da kuma farman, watau takardar umarni mai ɗauke da hatimin sarki.

Ɗalibai sukan ɗauka cewa farman ya fi littafi gaskiya, tun da marubucin fada yana cin abincin sarki ne. Akwai hujja a nan. Abul Fadli, mai littafin Akbarnama, wazirin Sarki Akbar ne kuma amininsa, ba a sa ran ya tona masa asiri. Amma farman ma yana da iyaka, domin abin da sarki ya so a yi a wata rana shi kaɗai yake faɗa.

A dubi batun birnin Banaras. A watan Fabrairu na 1659 Sarki Aurangzeb ya aika wa hakiminsa na can farman, ya ce kada a rushe tsofaffin ɗakunan bautar Hindu, kada a takura wa malamansu, amma kada a gina sababbi. Sai ga littafin Ma'asiri Alamgiri, wanda aka kammala bayan rasuwar sarkin a 1707, ya ba da labarin cewa a 1669 an rushe babban ɗakin bautar Banaras ɗin da umarninsa. Har yanzu masu gardama a Indiya kowa yakan ɗauki takardar da ta yi masa daɗi, ya rufe ido ga ɗayar.

Aikin masanin tarihi shi ne ya duba shekarun. A farkon 1659 yaƙin gadon sarauta bai ƙare ba, yayansa Dara Shiko yana da rai, sabon sarki yana neman goyon bayan kowa. Shekara goma bayan haka mulki ya zauna masa daram. Ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan yadda takardar umarni take sake launi idan mai sa hannu ya daina jin tsoro.