Sauro, Agaji da Harshe: Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro a Fadamun Haɗeja



Watakila wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya tashi zai yi lacca a kan cuta, alhali ga likitoci zaune. Dalilin shi ne, ƙungiyoyin agaji da ke yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ayyuka biyu suke yi, watau rabon kaya da wayar da kai. Na farko aikin kuɗi ne da motoci. Na biyu kuwa aikin magana ne, magana kuma a ƙasar nan da Hausa ake yin ta. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, agajin waje iyakarsa ƙofar gida. Abin da ke faruwa bayan an shige zaure, da abin da zai faru ranar da mai bayarwa ya janye hannunsa, a wuyanmu yake.

Ƙasa da ruwanta

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Idan ya iso ƙasar Haɗeja sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya rarrabu, ya malala cikin fadamun Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, har zuwa Nguru. Wannan ruwa shi ne arzikin ƙasar: shinkafa da alkama da tattasai da kifi da kiwo duk a kansa suka dogara. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake. Da can ambaliya ce ta damina, ta zo ta janye, ƙasa ta bushe. Yanzu ana sakin ruwa har cikin rani saboda noman rani, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ruwa ya kwanta inda da ba ya kwanciya.

To, a nan ne sauro ya shigo. Ba kowane sauro ne ke kawo zazzaɓi ba. Mai kawo shi ana kiransa anofilis, macen ce kuma take cizo, galibi daga almuru zuwa asuba. Irin wanda ya fi ɓarna a ƙasashenmu ba ya son ƙazamin ruwan kwata. Ya fi son ɗan ruwa mai haske wanda rana ke bugawa, kamar gefen kududdufi, da sawun shanu a bakin fadama, da kwamin shinkafa sabuwar dasawa. Akwai kuma wani irin da ke son ruwa mai daɗewa wanda ciyawa ta rufe. A lokacin zafi, cikin kwana 10 ko kusa da haka ƙwai ya zama sauro mai tashi. Idan ya sha jinin mai ɗauke da cutar, sai ƙwayar ta yi kamar kwana 10 zuwa 14 tana girma a cikinsa kafin ya iya sa wa wani. Ke nan ruwan da ke ciyar da mutumin Haɗeja shi ne ke renon abokin gabansa, ba kuwa wanda zai ce masa ya bar fadama.

Game da girman ɓarnar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da wannan cuta sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka mutu. Nijeriya kaɗai ta ɗauki wajen kashi 26 cikin 100 na kamuwar da wajen kashi 31 cikin 100 na mace-macen. A Afirka, kusan uku daga cikin kowane huɗu da suka mutu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Darasin Garki

Taimakon waje a wannan fage ba baƙo ba ne a Arewa. A 1954 an fara gwajin feshin magani a gidaje a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, amma ba a daɗe ba sauro ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan. Gwajin da ya fi shahara a duniya kuwa a maƙwabtanmu aka yi shi, a gundumar Garki, yamma da nan, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma take cikin Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka zauna a ƙauyukan Garki suna ƙidayar sauro, suna awon jinin jama'a. A damunar 1972 da ta 1973 aka yi ta fesa magani a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyuka kuma aka haɗa da ba kowa da kowa maganin zazzaɓi.

Cizon sauro ya ragu ƙwarai, ƙwayar cuta a jinin mutane ta yi ƙasa inda aka haɗa feshi da magani, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma cutar ba ta yanke ba, domin wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki, a waje yake hutawa. Da aka daina aikin, ba a ɗauki shekaru da yawa ba zazzaɓi ya koma kusa da yadda yake a da. Darasin a fili yake: a ƙasa irin tamu wannan yaƙi ba irin na shekara biyu ba ne a tattara kaya a tafi. Ya fi kama da noma, wanda kowace damina sai an sake shi.

Abin da masu agaji suka kawo

Bayan Garki an yi wajen shekara 20 duniya ta yi sanyi da wannan yaƙi, maganin kulorokwin da aka dogara da shi kuma ya riƙa rasa ƙarfinsa. Farfaɗowar ta zo ne a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Ranar 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin rage ɓarnar cutar, shi ya sa ake bikin ranar yaƙi da ita a wannan rana. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A 2005 Amurka ta fito da nata shirin, a shekarar ce kuma Nijeriya ta ajiye kulorokwin ta koma ga haɗin magani mai sinadarin atemisinin, wanda masu bincike na ƙasar Sin suka ciro daga wani ganye a 1972.

Abubuwa uku ne suka fi isowa ƙauyukanmu. Na farko gidan sauro mai magani, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira sange. A 2009 aka fara rabonsa ga kowane gida a Jihar Kano, sauran jihohi suka biyo baya. Na biyu maganin rigakafi da ake ba mata masu juna biyu a wurin awo, sau 3 aƙalla kafin haihuwa. Na uku rigakafin damina na yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 domin ƙasashen Sahel. Ƙungiyar agaji ta Malaria Consortium ta fara shi a Katsina a 2013, daga nan ya yaɗu zuwa Jigawa da sauran jihohin Arewa. Gwaje-gwaje sun nuna yana hana kusan kashi 75 cikin 100 na kamuwa da zazzaɓin a watannin da ake shan sa. Bugu da ƙari, a Disamba 2024 Nijeriya ta fara allurar rigakafin cutar a jihohin Kebbi da Bayelsa. Waɗannan duka alheri ne, kuma wanda ya yi maka alheri sai ka gode masa.

Inda harshe ya shigo

Amma mu duba yadda rigakafin damina ke tafiya. Sau ɗaya a wata, ma'aikaciya takan shiga gida ta ba yaro maganin ranar farko a gaban idonta. Na rana ta biyu da ta uku sai ta bar wa uwa. Watau a cikin kwana 3 na aikin, kwana 2 suna hannun matar da aka yi wa bayani na ɗan lokaci a tsaye. Idan a fahimtarta magani na marar lafiya ne, ga ɗanta kuma yana wasa lafiya lau, mai yiwuwa ta adana sauran domin ranar da jikinsa zai yi zafi. Ba wauta ta yi ba, tattali ta yi bisa ga abin da ta fahimta. Laifin na bayani ne. Bahaushe ya san rigakafi ya fi magani, amma idan an ce rigakafi a yau allura ce ke faɗo masa a rai. Ƙwaya kuwa sunanta magani. Sai an zauna an warware mata cewa wannan ƙwaya garkuwa ce ta wata ɗaya, wadda ba ta cika sai an sha ta kwana 3.

Haka sunan cutar kanta. Kalmomin zazzaɓi da masassara da jante tsofaffi ne a Hausa, kuma alama suke nufi, watau zafin jiki da rawar ɗari. “Zazzaɓin cizon sauro” kuwa ƙirƙirar zamani ce, ta ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo, kuma ƙirƙira ce mai kyau domin ta ɗauko sanadin ta sa a cikin sunan. To amma tsohon bayani bai gushe ba. Har yanzu akan ɗora zazzaɓin damina a kan dukan ruwan sama, ko zafin rana, ko cin sabon amfanin gona. Mutanenmu sun lura daidai da lokacin da cutar ke zuwa, sanadin ne ya kuɓuce musu. Mai wayar da kai da ya san aikinsa ba zai ƙaryata su ba. Cewa zai yi: gaskiya ne tare da damina take zuwa, ga kuma wanda ke ɗauko ta.

Wurin da rai ke salwanta shi ne wajen jijjiga ko taune-taune. Idan yaro ya sandare, idanunsa suka juye, ko ya kasa shan nono, gidaje da yawa ba sa ƙirga wannan cikin zazzaɓi. Sai a ce iska ce, a nufi wani wuri daban, alhali sau da yawa zazzaɓin ne ya tsananta har ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma jinkirin yini ɗaya na iya raba yaro da duniya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Saƙon da ya kamata kowace uwa da kowane uba su haddace shi ne, a kai yaro mai zazzaɓi gwajin jini kafin kwana ya zagayo, gwajin da ba ya wuce minti 20. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, saboda haka sayen magani a kemis ba tare da gwaji ba caca ce.

Gidan sauro ma yana da nasa bayanin. Sabo ana shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki. Wanda ba a faɗa masa haka ba, ya ji ƙaiƙayi a daren farko, ya rabu da shi ke nan. Ba a shanya shi a rana, idan ya yage a ɗinke, ƙarfinsa kuma wajen shekara 3 ne. Da bazara jama'a a tsakar gida suke kwana, masu gadin gona da masunta kuma a bakin ruwa, saboda haka hoton gado a cikin ɗaki da ake mannawa a bango bai ba su amsa ba. Sai an nuna yadda ake kafa shi da sanda huɗu a kan tabarma. A sassan Afirka da dama an ga ana mai da shi komar kamun kifi ko shingen lambu. A ƙasar masunta wannan jarrabawa ce ta gaske, ɓarnarta kuma biyu ce: yaro ya kwana a fili, ƙananan kifaye kuma a kwashe su tun ba su girma ba. Daɗin daɗawa, yawan kiran a yashe kwata, ko da yake tsabta ce mai kyau, ya sa wasu sun ɗauka da sun yashe sun gama, alhali mai kawo zazzaɓin yana can a kududdufin da aka haƙa domin ginin gida.

Idan mai bayarwa ya janye

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, kafin shekarar ta ƙare kuma ta rufe hukumarta ta USAID. Wasu ƙasashen Turai su ma sun rage nasu. Ba mu da ikon hana su, kuɗinsu ne. Abin da ke hannunmu shi ne alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, cewa kowace gwamnati za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta domin lafiya, alkawarin da Gwamnatin Tarayya ba ta cika ba. Wanda ya san labarin Garki ya san abin da ke biyo bayan tsayawa.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga ma'aikatan gwamnati: a sa kuɗin gidan sauro da maganin damina da alawus na masu rabo a cikin kasafin jiha da na ƙananan hukumomi, a kuma sake shi kafin ruwan farko, domin sauro ba ya jiran takarda ta bar tebur. Ya kamata kuma ma'aikatan lafiya su zauna da na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, tun da wanda ke sakin ruwa da wanda ke jinyar zazzaɓi aiki ɗaya ya haɗa su. Ga masu hali da malaman addini da sarakuna: agaji ba sai daga ƙetare ba. Muna da sadaka da waƙafi, kuma saya wa mai jego gidan sauro, ko biya wa talaka kuɗin mota zuwa asibiti, sadaka ce da ke ceton rai. Ga ɗalibai, musamman na sashen Hausa: ku shiga Auyo da Guri da Birniwa ku rubuta yadda mutane ke kiran wannan cuta da alamunta, da Hausa da Fulfulde da Barbarci da Badanci. A kan wannan ne za a gina saƙon rediyo da huɗuba da wasan kwaikwayo, maimakon a rubuta shi da Turanci a Abuja a aiko a fassara.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ruwan Haɗeja ba zai rabu da sauro ba, mun ga abin da ya faru a Garki da aka tsaya, mun kuma ga cewa kayan da masu agaji ke kawowa ba sa aiki sai uwa ta fahimci abin da aka ba ta. Sun ɗauki nasu gefen jinkar. Ɗaya gefen, na bayani da harshen da jama'a ke ji da kuma na ɗorewa da kuɗinmu, yana jiran hannunmu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya.