Darasi Daga Zauren Westminista



Baƙon da ya ziyarci Majalisar Dokokin Birtaniya a Landan, kamar yadda Allah ya nufe ni da yi, yakan ratsa wani tsohon zaure da Sarki Wiliyam na Biyu ya aza harsashinsa a 1097. Sau biyu wuta tana neman cinye shi. A gobarar 1834, masu kashe wuta suka tattara ƙarfinsu a kansa, mafi yawan ginin majalisar ya ƙone. A 1941, da jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai, aka sake zaɓen ceton zauren, ɗakin wakilai ya tafi. Sun san sabon gini kuɗi ke tayar da shi, amma tsoho idan ya faɗi ya faɗi ke nan.

Mu fa? Ganuwarmu ana haƙe ta ana buga tubali, soron fada kuwa kowace damina sai ta zaftare wani sashe. Ina roƙon wannan ƙungiya ta ware wani kaso daga asusun bana a yi musu yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Allah ya taimake mu.