Kalmar Yau: Wax, Daga Saƙar Zuma Zuwa Akwatin Lefe

Yau kalma ɗaya tak za mu ɗauka, wato wax. Na san wasu da jin ta hankalinsu ya tafi Kantin Kwari, wajen Super Wax. To ku ɗan yi haƙuri, za mu iso can.

A Turanci wax na nufin kaki. Ba kakin soja ba fa, kakin zuma, wanda ƙudan zuma ke gina saƙarsu da shi. Daga nan sunan ya bi duk abin da ya yi kama da shi: abin da ake yin kyandir, dattin kunne, har da wanda ake cire gashin jiki da shi, irin aikin da halawa ke yi wajen gyaran amarya. Akwai kuma wata wax mai tushe daban, ma'anarta ƙaruwa, kamar yadda wata ke cika daga jinjiri zuwa daren sha huɗu.

To me ya haɗa kaki da atamfa? A tsibirin Java na Indonesiya akwai sana'ar batik. A narkar da kaki a zana a jikin yadi, a tsoma a rini, duk inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa. Turawan Holan suka kwaikwayi abin da inji a ƙarni na 19, mutanen Java ba su yi na'am da shi ba, sai ya samu kasuwa a Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, har gobe yana yi. Holandis ɗin da iyayenmu ke ji da ita ke nan.

Ga inda nake so ku buɗe kunne, musamman angwaye masu haɗa lefe. Ba duk atamfar da aka rubuta wa wax ce ta ga kaki ba. Da yawa bugu ne kawai aka yi a fuska ɗaya, kuɗin kuma na wax za a caje ka. Kafin ka biya, juya bayanta. Ta gaske, rinin ya ratsa, ciki da waje kusan ɗaya. Za ka kuma ga 'yan tsage-tsage da ɗigo-ɗigo inda kakin ya fashe rini ya shiga, kuma ba sa maimaituwa iri ɗaya. Idan bayan ya yi fari-fari, ajiye ta. Sunan da ke bakin yadi kuwa kar ya ruɗe ka, masu jabu shi suke fara kwafa.