Amsar Wasiƙunku: Yaro Mai Asma Da Zuwa Makaranta

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gumel. Ya ce ɗansa da ke aji huɗu na firamare yana fama da asma, da hunturu ya kama sai numfashi ya riƙa sarƙe masa, ƙirji yana kuka kamar usur. Malamai sun sha maido shi gida, wasu iyaye kuma na cewa zai shafa wa 'ya'yansu. Shin ya cire shi daga makarantar ne?

To Malam, Allah ya ba shi lafiya. Amsa ita ce a'a, kada ka cire shi. Da farko, asma daban, tarin fuka daban. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, kuma ana ɗauka. Asma kuwa ba a ɗaukarta, ko da kwano ɗaya ake ci. Abin da ke faruwa shi ne, hanyoyin iska na cikin huhu su kumbura, su tsuke, majina ta taru, sai numfashi ya gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da ita a shekarar 2019. Ba ta da maganin da ke raba mutum da ita, amma in ana kulawa, yaro zai yi karatunsa, ya buga ƙwallonsa.

Gobe da safe ka tafi da ƙafarka wajen hedimasta da malamin ajin. Ka roƙa a ɗauke masa sharar aji da goge allo, a zaunar da shi nesa da ƙurar alli, kada a sa shi ƙona shara. In ya ce numfashinsa ya kama, a yarda da shi, ba lalaci ba ne, kada a sa shi tsallen kwaɗo. Haka malamin allo, a matsar da shi daga hayaƙin wutar karatun dare. A gida kuma a nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba, da maganin sauro na kunnawa, da wajen sussuka da shiƙa. Ranar hazo ya rufe hanci da ƙyalle.

Sai batun maganin shaƙa, wato salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, mai shuɗin gwangwani. Wasu na cewa wai in yaro ya fara, ya saba ke nan. Ba gaskiya ba ne. A jakarsa ya kamata ya kasance kullum, ba a adaka a gida ba. Yaro ya fi samun maganin in an haɗa da mazubin shaƙa. In babu na saye, a huda gindin tsabtatacciyar gorar roba mai rabin lita, a cusa bakin maganin, yaro ya shaƙa ta bakin gorar. Likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara a 1999, ta kuwa yi aiki.

In ciwon ya tashi a aji, malam ya zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, kada a taru a kansa. A girgiza maganin, a fesa sau ɗaya cikin gorar, ya ja numfashi kamar sau biyar. A maimaita bayan kowane minti ɗaya, har zuwa fesa 10. In bai lafa ba, ko ya kasa magana, ko leɓensa ya sake launi, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, to a garzaya asibiti nan take, ana ci gaba da ba shi maganin a hanya. Jira shi ke kisa.

Abu na ƙarshe, shuɗin nan buɗe hanya kawai yake yi, ba ya hana kumburi. In yaro na bukatarsa fiye da sau 2 a mako, ko tari na tashinsa cikin dare, a koma wa likita ya duba batun maganin kariya da ake shaƙa kullum, ko da lafiya lau yake. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.